Fuskar da Kawu Bai Buga wa Ɗigo Ba

Daga Allah muke, can kuma Kawu ya riga mu komawa, ranar wata Talata da zafin Yola ya kai inda ko akuya ba ta barin gindin katanga. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, don haka ni ce mai kai-komo tsakanin cikin gida da zaure da ruwan sha da butoci. Kunnena kuwa, kowa ya sani, ba ya barin magana ta wuce shi.

Rabin mutanen da suka cika lungunmu na Yola Gari ban taɓa ganinsu ba. Ga ladanai, ga masu kiɗan biki daga Jimeta sun zuba manyan riguna sun yi tsit kamar ba su ba, ga matan wata coci masu waƙa da ɗankwali iri ɗaya, ga mai tallar maganin basir a bayan mota wanda duk garin nan an san muryarsa. Kowa ya yi gaisuwa ya yi addu'a, sai ya ƙara wata magana da take sa baƙi kallon juna. Wani tsohon ladan ya riƙe hannun Hamma, babban ɗan Kawu, ya ce, "Ɗana, ɗigona yana nan inda babanka ya buga shi. Ban taɓa matsar da kunnen ba." Mai maganin basir kuka ya fashe da shi, ba lasifika amma har bakin titi an ji shi. A can ƙarshen benci Ticha yana zaune, tsohon abokin aikin Kawu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

A cikin gida Dada, matar Kawu, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Mata suna ta yaba mata, wai ta iya tawakkali. Ni da na san ta, jikina bai ba ni ba. Dada da ba ta iya ganin tsintsiya a kwance ba ta yi magana ba, ita ce yau take zaune tana kallon bango.

Bayan sadakar uku, da la'asar, mutane sun ɗan ragu, sai ta karkatar da kai wajen katangar madafa kamar mai jiran sallama. Ta daɗe a haka. Can ta ce, "A kunna mini abin nan nasa."

Yafendo, ƙanwar Kawu kuma ƙanwar mahaifiyata, ta zaro ido. "Wane abu, Adda? Gidan rasuwa ne fa."

"Ba kiɗa na ce ba. Abin nan mai kukan sauro."

Na gane abin da take nufi. Wani ɗan akwati ne a shagon Kawu, shagon da katanga ɗaya ta raba shi da madafar Dada. Kowace la'asar Kawu yakan kunna shi ya fitar da sauti guda ɗaya, dogo, mai laushi, kuma kowace la'asar Dada takan ce sauron nan zai kashe ta. Tun ina yarinya nake jin wannan faɗan.

Na shiga shagon na kunna. Wallahi abin da ya fito kukan kwaɗo ne. Na duba, sai na ga kunnuwan akwatin guda uku, wato abubuwan da ake murɗawa, duk sun kwanta gefe ɗaya, fuskar tana ta ƙyalli. Yafendo ta biyo ni tana murza hannu. Ita ce ta gyara shagon ranar rasuwa saboda masu zuwa gaisuwa. Ta kashe rediyo, ta rufe kaya da zane, kamar yadda ake yi. Ta ce, "Na ga kowane kunne yana kallon nasa wajen, sai na murɗa su duka na daidaita su. Laifi na yi?"

Ba ta yi laifi ba, tsafta ta yi. Amma inda Kawu ya bar kunnuwan nan ya tafi, kuma a duk fuskokin na'ura da ya yi a duniya wannan kaɗai ce ba ta da ɗigon da zai nuna inda za a mayar da su. Na murɗa nan na murɗa can, Dada daga bayan katanga ta ce, "Kashe. Ba shi ba ne." Daga ranar ta daina cin abinci. Kofin kunu yadda ya shiga haka yake fitowa. Tsoron da ya kama mu, wanda ba wanda ya iya furta shi, shi ne kada mu yi zaman makoki biyu kafin ruwan farko ya sauka.

Bari in gaya wa wanda bai san Kawu ba mene ne ɗigo.

Kawu bai san kan waya ba, ko fitila ta mutu a gida sai ya kira yaran maƙwabta. Ticha ne mai haɗa cikin na'ura. Mutumin kudancin Adamawa ne, Kirista, ya koyar da kimiyya a sakandare a Jimeta har ya yi ritaya, kuma tun yana aiki yake tsinto kayan cikin matattun rediyo yana haɗa amfilifaya da akwatin amsa-kuwwa da irin wanda ake haɗa makirufo da yawa a jikinsa. Sai dai in ya gama, abin yakan fito tsirara, wayoyi ko'ina. Nan Kawu yake shigowa. Shi ne mai yin fuska, wato farantin gaban na'ura inda kunnuwa da ramukan waya da 'yar fitila suke zama. Yakan ce, "Ciki na Ticha ne, fuska tawa ce. Wa ya taɓa gaisawa da hanjin mutum?"

Da tsofaffin tire na alminiyam yake yi, waɗanda mata suka gaji da su. Ya shimfiɗa a kan wani kututturen ƙirya ya yi ta bugu da guduma ta katako, a hankali, har lanƙwasar ta miƙe. Ya yanka, ya bi gefen da magagari har jariri zai iya shafawa bai yanke ba. Sannan yashi. Ba kowane yashi ba, sai wanda shi da kansa ya ɗebo daga Binuwai da rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar tudu fari a ƙasan gada. Ya jiƙa shi ya riƙa gogawa da tsumma, hanya ɗaya kawai, daga sama zuwa ƙasa, ba ya komawa baya. In ya gama sai ka ga farantin ya yi zane-zane sirara kamar ruwan sama da ake hangowa daga ƙetaren kogi. Kunnuwan kuma da ƙahon saniya yake yin su, daga wajen mahauta. Ranar da yake gasa ƙaho ba mai zaman lafiya a gidan. Dada takan fito da zane a hanci ta ce, "Mutane suna turaren wuta, mu muna turaren saniya." Shi kuwa sai ya ce, "Ke da kika tashi a ruga?" Ta ce, "Shi ya sa na auri ɗan birni, ashe asara na yi."

Abin da ba ya yi shi ne rubutu. Ba lamba, ba harafi. In fuska ta hau na'ura, sai mai ita ya zo da kansa, ba aike. Kawu ya zaunar da shi ya ba shi makirufo ya ce ya rufe ido ya yi abin da ya saba yi, kiran salla ne, waƙa ce, talla ce. Shi kuma yana murɗa kunne kaɗan-kaɗan, ba na'urar yake kallo ba, mutumin yake kallo. Na taɓa tambayarsa me yake nema. Ya ce, "Kafaɗa. In mutum ya ji muryarsa yadda yake jin ta a cikin kansa, kafaɗarsa takan sauka." Da ta sauka sai ya tsaya, ya yi alama da gawayi, ya kwance fuskar, ya kifa ta, ya ɗora ƙusa ta baya ya buga sau ɗaya. Ɗigo ya fito ta gaba, ɗan tudu kamar ƙwayar gero. Ladan da asuba, ko ba wuta, yatsa kawai zai kai ya ji wurinsa. Sau ɗaya yake bugawa, kuma ban taɓa jin ya sake ba.

A kan wannan suka ɓata da Ticha. An ba su aikin wata babbar na'ura ta masu waƙar coci, mai kunnuwa da yawa. Kawu ya yi fuskar da har yau nake ganin ba ta da ta biyu. Ticha ya tafi da ita gida, ya ga matasa ne za su riƙa taɓawa, yau wannan gobe wancan, sai ya ɗauki fenti ja ya rubuta lambobi kewaye da kowane kunne, ya sa sunayensu da Turanci a ƙasa. Ya dawo da ita yana murna. Kawu ya kalla ya kalla, ya ce, "Wa ya yi mata wannan tsagen?"

Ticha ya ce, da Hausarsa ta Jimeta da ba ruwanta da mace ko namiji, "Malam, yara ba za su iya ba. Yarinya ya zo, ya ga bakwai, ya sa bakwai. Shi ke nan."

"Bakwai ta wa? Bakwai ta mai mura ko ta mai lafiya?"

"Ba kowa yana da kunne irin naka ba."

"To ka koya musu ji. Ba kai ne malamin ba?"

Ticha ya ɗauki na'urarsa ya fita. Ni dai in an tambaye ni, Ticha yana da tasa gaskiyar, amma wa zai gaya wa Kawu? Damina biyu ba su yi aiki tare ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, naman layya ya je Jimeta, shinkafar Kirsimeti ta zo Yola, aikin ne kawai ya tsaya. Na'urorin Ticha suka koma fita cikin gwangwanin biskit da kwali. Fuskokin Kawu suka cika bangon shago a rataye, ba komai a bayansu, iska ta shigo su riƙa taɓa juna suna 'yar ƙara. Dada ta ce tsofaffi biyu sun zama yaran goye, kuma ita ba za ta yi musu sulhu ba, tana da aikin yi.

Wata mata ce daga Malkohi ta shirya su ba tare da ta sani ba. Lokacin da mutane suka gudo daga arewa aka sauke su a can, Kawu yakan je ranar Juma'a da abin da ya samu. A can ya haɗu da ita. A garinsu ita ce mai waƙar biki, an ce in ta ɗaga murya ba a buƙatar kowace na'ura. Tun da suka gudo muryar ta shige ciki, sai raɗa. Ba ciwo, ba komai, ta dai ƙi fitowa. Abu ɗaya da ta fito da shi daga gidanta tire ne mai zanen fure a baki, wanda ta kifa wa 'yarta a ka saboda rana a hanya. Kawu ya roƙe ta tiren. Ban san me ya gaya mata ba, amma ta ba shi.

Daga Malkohi bai zo gida ba, Jimeta ya wuce. Matar Ticha ce ta ba ni labarin. Ya shiga ya ajiye tiren a kan tebur ya ce, "Ciki nake so."

Ticha ya juya tiren ya duba. Ya ce, "Lamba nawa zan rubuta?"

"Ko ɗaya."

"To."

Shi ke nan faɗan ya ƙare. Ranar da aka gama na'urar, matar Malkohin ta zo shago, ina gidan. Kawu ya bar zanen furen a gefen fuskar bai goge shi ba, tana gani ta kai hannu ta shafa. Ya ba ta makirufo ya ce ta rufe ido. Ta yi raɗarta, yana murɗawa, yana murɗawa, sai ga murya ta cika shagon, siririya, tana rawa, amma tata ce. 'Yarta da take wasa a tsakar gida ta yar da abin hannunta ta sheƙo a guje tana kiran uwarta. Na ga kafaɗar matar ta sauka. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba. Kawu ko kallonmu bai yi ba, gawayinsa yake nema.

Mutumin da ya yi wa duk garin nan ɗigo, nasa akwatin ba shi da ko ɗaya. Ticha ne ya haɗa masa shi tun suna da ƙarfinsu. Ba ya ɗaukar muryar kowa, nasa sautin yake yi. Kunne ɗaya yana sa shi kauri ko siranta, ɗaya yana sa shi rawa, ɗaya ƙarfi. Fuskar kuwa daga tiren kayan auren Dada ya yanko ta, abin da ba ta taɓa yafe masa ba, ko baƙo ya zo sai ta ba shi labari.

Na fi sanin sautin nan lokacin da na dawo gida wankan haihuwar fari. In la'asar ta yi, zafi ya fara sakin gari, ina kwance a tabarma jikina duk ya mutu da ruwan zafi, jaririya a gefena. Dada tana madafa tana tankaɗe. Sai sautin ya taso ta katanga, da farko yana yawo, ya hau ya sauka kamar mai neman gida a unguwar da bai sani ba, can sai ya samu wuri ya zauna. In ya zauna komai na gidan yakan lafa. Shirwa tana kewaya sama ba ta kaɗa fiffike. Inuwar dogon yaro ta miƙe ta taɓa randa. Nakan ji kamar gidan ya saki ƙasa yana tafiya a kan ruwa a hankali, da mu da kaji da turmi, mun nufi wani wuri da ba a sauri. Jaririyar ta yi barci, ni ma in bi ta. Abin da yake tashe ni kullum muryar Dada ce: "A kashe sauron nan, magariba ta yi!"

Na lura in Dada ta tafi Bako wajen danginta akwatin ba ya magana. Na ɗauka kewa ce take hana shi. Ticha kuma ya lura sautin yana ƙara kauri shekara bayan shekara, ya ce kayan ciki ne suka tsufa, a kawo ya canza. Kawu ya ce lafiyarsa ƙalau. Da na tsokane shi na ce mai ɗigo ba shi da ɗigo, sai ya yi murmushi ya ce, "Mai wannan ba ya tsayawa wuri ɗaya." Na ɗauka kansa yake nufi.

To, mu koma gidan makoki. Dada tana ta ƙanƙancewa a cikin takaba. An kawo ma'aikaciyar jinya har gida ta duba ta, ta ce ba ta ga ciwo ba. Na ce wa Hamma a ɗauko Ticha. Hamma mutum ne mai tsare addini, ya ce me mutane za su ce, uwarsa tana takaba ana kunna na'ura a gida. Na ce masa, "Hamma, mutanen nan da kake tsoro, su ne za su zo su ci shinkafar sadakarta su tafi." Ya harare ni, na harare shi. Ya shiga ya ga yadda zobe yake zamewa daga yatsan Dada, wanda ta cire ta ajiye saboda takaba, ta sake gwadawa don ta nuna mana ba ta rame ba. Sai ya fito ya ɗauki makullin mota.

Ticha ya zo, idonsa ya yi rauni, Hamma yana riƙe da hannunsa. Ya zauna a kujerar Kawu a shago. Dada ba ta fitowa gaban maza, tana ɗakinta, ni ina tsaye a 'yar tagar da ke jikin katanga ina kai magana. Ya murɗa, ta ce ya yi kauri. Ya mayar, ta ce ya yi tsini. Ya sa rawa, ta ce wannan kukan jaki ne. Haka muka yi ta yi har rana ta yi ja. Daga ƙarshe ta ce, "Ku sallami bawan Allah nan. Abin ya bi mai shi." Ticha ya kashe, ya daɗe da hannunsa a kan fuskar. Ya ce, "Ni na haɗa shi, amma ban san shi ba."

Washegari shi ya kira Hamma da kansa ya ce a zo a ɗauke shi. Da ya zauna sai ya ce da ni, "Jiya kujeran nan ya dame ni. Me ya sa yana kallon bango? Mai aiki yana kallon ƙofa, saboda haske." Na duba, haka ne. Kujerar Kawu a manne take da katangar madafa, har kafaɗarsa ta yi wa bangon duhu a wurin. Ticha ya ce, "In yana kunna, Dada yana ina?"

"Tana madafa."

"Yana yin me?"

"Tankaɗe, ko tsintar shinkafa."

"To a ba shi gari."

Tun rasuwar ba a bar Dada ta taɓa komai ba, mata sun karɓe madafa. Na shiga na ce wa Dada garin tuwon yau Yafendo ce ta tankaɗe, kuma duk tsaki ne. Yafendo ta yafe mini, Allah ma ya yafe mini, garin ba abin da ya same shi. Amma na san Dada. Ta ɗago kai a karon farko ta ce, "Ita wannan yaushe ta iya tankaɗe?" Na kama ta muka taka a hankali har madafa, na zaunar da ita a kujerarta ta tsuguno, na sa mata rariya a hannu.

Ta fara. Ba a jima ba hannun ya tuna hanyarsa. Gari yana sauka fari a faifai. Ticha bai kunna komai ba. Gidan ya yi shiru, sai shap-shap na rariya. Can, daga cikin ƙirjinta, baki a rufe, wani ɗan sauti ya fara fitowa. Ba waƙa ba ce mai kalmomi, murya ɗaya ce doguwa, irin wadda mata suke yi wa saniya lokacin tatsa. Duk rayuwata ina jin ta, ban taɓa jin ta ita kaɗai ba, kullum a cikin sautin akwatin take ɓuya.

Ta bayan katanga Ticha ya kunna. Sautin ya taso yana yawo, ya hau ya wuce ta, ya dawo ya sauka ƙasa da ita, ya ɗan ɗago. Sai suka haɗu. Wallahi tsikar jikina ta tashi. Shi ne, shi ne sak, har inuwar dogon yaro na ga kamar ta matsa. Yafendo ta toshe baki da mayafi. Hamma yana tsaye a ƙofar zaure ya juya mana baya.

Rariyar ta tsaya a hannun Dada. Da ta yi shiru sautin akwatin ya rage shi kaɗai, sai ya zama sauro kawai. Ta ce, "Wa ya nemo shi?"

Ticha ya amsa ta taga. "Ba ni ba ne, Dada. Ke na bi. Shi ma ke yake bi."

"Ni? Ni ba na waƙa."

Na ce, "Kina yi, Dada. Kullum."

Ta kalle ni kamar na zage ta. Ta kalli katangar, daidai inda kafaɗarsa take jingina ta ɗaya gefen. Ta ce, "Shekara da shekaru ina zaginsa a kan abin nan. Ashe zama yake yana saurarona, munafuki." Daga nan kukan da ta riƙe tun ranar Talata ya ɓalle. Mun bar ta ta yi shi har ya ishe ta, ba wanda ya ce ta yi haƙuri.

Da ta share ido ta ce a miƙo mata fuskar da ƙusa da guduma. Ticha ya ce, "Dada, shi bai buga ba, saboda muryan mutum yana canzawa. Na yau ba na gobe ba ne."

Ta ce, "Na ji. To gobe wa zai zauna a can ya bi ni?"

Ticha ya laluba ya sami gawayin Kawu a inda yake ajiye shi, ya yi alama daidai inda kunnuwan uku suka tsaya, ya kwance fuskar ya miƙo ta taga. Dada ta karɓi guntun tiren aurenta ta juya shi a hannu, ta kifa shi a kan turmi. Hamma ya durƙusa ya riƙe mata ƙusa. Ta ce, "Ya bi ni iya binsa. Yanzu ni zan bi." Ta buga sau ɗaya a kowane wuri, kamar yadda ta ji yana yi ta bayan katanga duk tsawon zamansu. Ɗigo na uku ya ɗan karkace, ta ce a bar shi haka. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kuma kin tsaya kina kallona, ba sauran kunu a gidan nan ne?"

Yanzu kowace la'asar ni nake shiga shago in kai kunnuwan kan ɗigo in kunna, in fito in ja ƙofa. Kujerar tana nan manne da bango. Dada tana madafa da rariyarta, ta rufe baki ta nemi sautin har ta same shi. Wata rana nan da nan, wata rana muryar ba ta kai ba, sai ta ce, "Yau ya yi mini nisa," ta huta ta sake gwadawa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka inda yake kwance, ya saurare shi da rahama yadda ya saurari bayinsa ɗaya bayan ɗaya. In magariba ta yi ni nake kashe akwatin da kaina, don Dada ba ta ƙara cewa a kashe ba.